Tsinken Gwaji, Allura da Randa: Daidaita Sukarin Jini a Ƙaramar Hukumar Kwali

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyoyin da mai ciwon sukari da ke zaune a Kwali da ƙauyukanta zai bi ya riƙe sukarin jininsa a inda ya dace. Ta bi ta kan awo, allurar insulin, abinci da sababbin magunguna. Matsayinta shi ne, a wuri irin Kwali awo ne ginshiƙi: in babu shi kusa da gida, insulin kan zama haɗari, shawarar abinci ta zama kirdado, sabon magani kuma asarar kuɗi. Takardar ta kuma nuna cewa adana insulin ba tare da firji ba ya samu goyon bayan bincike, kuma Kwali, garin maginan tukwane, tana da abin da ake bukata a hannu.

Gabatarwa

Kwali ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya, an ƙirƙiro ta a 1996, kuma tana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja. Duk wanda ya ji an ce Abuja, manyan asibitocin Garki da Maitama ne ke faɗo masa a rai. Amma mutumin Yebu ko Ashara ko Wako manomi ne na doya da dawa da masara, kuma abin da ke kusa da shi shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa da shagon kemis. In ciwo ya yi tsanani sai Babban Asibitin Kwali, in ya gagara sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ciwon sukari kuwa na kullum ne, safe da yamma, har ƙarshen rai. Likita yana ganin majinyaci na 'yan mintoci a wata ɗaya ko uku; sauran lokacin duka majinyacin ne da iyalinsa ke riƙe da jinyar. Saboda haka daga gida takardar nan za ta dubi lamarin.

Hukumar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, miliyan 3.6 a Najeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, ya kai adadin kashi 5.77 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 11.2. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu babba ce, kuma ita kanta shaida ce ta ƙarancin awo a ƙasar. Waɗanda suka riga suka isa hannun ƙwararru ma ba su tsira ba: binciken Diabcare da aka yi a manyan asibitocin Najeriya a 2008 ya samu cewa kimanin ɗaya cikin uku ne kawai sukarinsu ya daidaita.

Awo

Mutane kan ce “suga ya hau” ko “suga ya sauka” bisa yadda suka ji a jikinsu. Jiki kuwa yana yaudara. Mutum na iya yawo shekaru da sukari mai yawa yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, bai ji komai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Ma'aunin sananne ne. Wanda aka auna da safe kafin ya karya aka samu milimol 7.0 ko fiye, ko aka auna a kowane lokaci aka samu 11.1 tare da yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ya shiga sahun masu ciwon. Ga mafi yawan manya da ke kan magani, ana son sukari ya tsaya tsakanin 4.4 da 7.2 kafin abinci, kada ya wuce 10 bayan abinci da awa 2. Ƙasa da 3.9 faɗuwa ce da ke bukatar gaggawa. Akwai wani tarko a nan da ba a cika ambata ba: na'urorin da ke kasuwa iri biyu ne, wata tana ba da sakamako da milimol, wata da miligiram, kuma milimol 1 daidai yake da miligiram 18. Ke nan 7 da 126 abu ɗaya ne. Majinyacin da aka koya masa lamba a asibiti da wani ma'auni, ya je kemis aka gwada shi da ɗayan, zai iya firgita ya ƙara magani, ko ya saki jiki a lokacin da bai kamata ba. Rubuta ma'aunin a bangon katin kowane majinyaci ba ya cin ko sisi.

Na'urar awo ba ita ce tsadar ba, sau ɗaya ake saye, wani lokacin ma kyauta ake rabawa a ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya. Tsinken gwajin ne ke cin kuɗi, domin kowane awo tsinke ɗaya, kuma kowace na'ura da irin nata. Raba na'ura ba tare da tabbatar da cewa za a samu tsinkenta a Kwali ko Gwagwalada bayan wata uku ba, aikin banza ne. Tsinken kuma yana lalacewa da zafi da laima, don haka a bar shi cikin kwalbarsa a rufe, kada a sayi na warware da aka ƙulle a leda.

Tunda tsinke ya yi tsada, sai a yi dabarar kashe shi. Mai shan ƙwayar metformin kaɗai, wanda sukarinsa ya zauna, ba ya bukatar awo kullum. Mai allurar insulin yana bukata, mai ciki ma haka. Wanda ƙarfinsa bai wuce tsinke ɗaya a rana ba, ya riƙa sauya lokaci: yau kafin karin kumallo, gobe kafin abincin dare, jibi bayan tuwon rana da awa 2, yana rubutawa tare da abin da ya ci. Cikin mako biyu ma'aikacin lafiya zai ga hoton yini guda, abin da awon asuba kaɗai ba zai taɓa nunawa ba. Awon da ba a rubuta ba, ko aka rubuta ba wanda ya duba ya sauya wani abu, an huda yatsa a banza.

Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3, shi ne abin dogaro a duniya, kuma ana son ya zama ƙasa da kashi 7 ga yawancin manya. Amma ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, kimanin kwana 120. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da jinin AS, ga masu sikila, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, sakamakon na iya karkacewa. Ga mai sikila yakan fito ƙasa da gaskiya, wasu injinan gwajin kuma jinin AS kan ruɗa su. Likitan da ya ga HbA1c mai kyau alhali littafin awon gida na nuna akasin haka, ya tambayi ko majinyacin mai jinin AS ne ko mai sikila kafin ya ƙaryata littafin.

Ina so in roƙi abokan aiki na ƙananan asibitoci abu guda. Yaron da aka kawo yana amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, ya rame cikin 'yan makonni, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a huda yatsarsa kafin a yanke cewa maleriya ce ko taifot. Haka nau'i na ɗaya na ciwon sukari yake fara bayyana a yara, kuma in aka ɗaura wa irin wannan yaro ruwa mai sukari bisa kuskure, an ƙara tura shi bakin kabari.

Insulin

A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya rayu. Masu haƙƙin ƙirƙirar sun sayar wa jami'arsu da shi a kan dala ɗaya kowannensu domin kowa ya samu. Bayan fiye da shekara 100, kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya, mu kuma daga waje muke shigo da shi. Da aka saki darajar naira a Yunin 2023, farashin ya bi dala. A ƙarshen shekarar Sanofi ya sanar da daina harka kai tsaye a Najeriya, ya miƙa rarraba kayansa ga dillali. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihu yake fita, sakamakon a bayyane yake: mutane na rage adadin allura don kwalba ta kai ƙarshen wata.

Bayan kuɗi sai tsoro. Ana cewa wanda aka ɗora kan allura ya zo ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne akan jinkirta ta har ido ko ƙoda su lalace, in mutum ya rasu sai a ɗora wa allurar laifi. Mai nau'i na ɗaya ba shi da rayuwa sai da ita. Mai nau'i na biyu kuma, bayan shekaru, fankiriyas ɗinsa kan gaji, ƙwayoyi su daina isa, kuma wannan ba gazawarsa ba ce.

Insulin da aka fi amfani da shi a nan shi ne gauraye, 70/30, sau biyu a rana. Yana da sauƙin kuɗi, amma yana da sharaɗi: abinci a kan lokaci. Ku ɗauki manomin da ya yi allura da asuba, ya sha koko, ya tafi gona yana tada kunyar doya har rana ta take. Aikin ƙarfi yana cinye sukari, allurar tana ci gaba da aikinta, abincin rana bai iso ba. Sai rawar jiki, gumi, jiri, maganar da ba kai, wani lokacin faɗuwa. A ƙauye ana iya cewa iska ce ta taɓa shi. Haka ma ƙwayar glibenclamide take yi, musamman ga tsofaffi. Duk mai irin wannan magani ya riƙe ƙwayar sukari a aljihu. Ya ji alama, ya sha kimanin giram 15, wato ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa, ya sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Matarsa da 'ya'yansa da abokin gonarsa su ne ya kamata a koya wa wannan, domin mai suma ba ya ceton kansa. Ranar aikin ƙarfi kuma adadin allura na bukatar ragi, kuma ba a san yawan ragin sai da awo.

Yanzu ga batun ajiya, wanda shi ne dalilin da ake yawan bayarwa na hana mutumin ƙauye insulin: ba shi da firji, in ma yana da shi ba wuta. Ƙa'idar kamfani ita ce kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma a yi amfani da ita cikin kimanin mako 4. A 2021 masu bincike na Jami'ar Janeba tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka auna zafin ɗakuna a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka ga yana kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Suka sa insulin cikin irin wannan yanayi na mako 4, suka tarar ƙarfinsa bai ragu fiye da na firji ba. A 2023 nazarin Cochrane ya ƙara da cewa insulin na ɗan'adam da ba a buɗe ba yana jure digiri 25 har wata 6, digiri 37 har wata 2, ba tare da raguwar da za ta cutar ba. Kafin su, a 2016, Graham Ogle da abokan aikinsa sun gwada tukwanen ƙasa da ake ajiye insulin a ƙasashe irin su Sudan da Mali da Indiya, suka tabbatar suna rage zafi.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwa na tsatsowa ta jikin tukunyar waje, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Kwali kuwa ita ce garin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, wadda hotonta ke bayan naira 20. Har gobe matan Gbagyi na ginin tukwane a yankin. Sai dai a lura, tukunyar da aka shafe da ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ba ta tsatsa, don haka ba ta sanyaya komai. Randar gargajiya ta ɗakin tsohuwa ita ake nema. A sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi don kada ta jiƙe, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa. Dabarar ta fi aiki a busasshen yanayi, daga hunturu zuwa zafin Fabrairu da Maris, lokacin da aka fi bukatarta. Da damina laima na rage mata ƙarfi, amma zafin ma ya sauka. Babban haɗarin ma yana ɗaya ɓangaren: kai insulin ajiya cikin firizar mai sayar da ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma kamar lafiyayye.

Abinci

Nan ne aka fi wahalar da majinyata. Da an ce mutum na da sukari sai a hana shi tuwo da shinkafa da doya, a bar shi da wake da ɗanyar ayaba da tuwon alkama har abinci ya fita ransa. Garin alkama sitaci ne kamar na dawa da masara, bambancinsa bai kai tsadarsa ba. Acca hatsi ce mai kyau, amma wanda ya cinye malmala uku ta tuwon acca sukarinsa zai hau. Yawan abin da aka ci, da yadda aka sarrafa shi, da abin da aka haɗa shi da shi, su ne ke yanke hukunci. Dawar da ba a surfe ta tas ba ta fi wadda aka cire wa dusa. Dafaffiyar doya 'yar kaɗan da miyar ganye ta fi tulin sakwara. Koko da kunu, musamman da sukari, suna shiga jini da sauri.

Littattafai na koyar da raba faranti: rabi ganye, kwata sitaci, kwata nama ko kifi ko wake. A gidan da ake ci a kwano ɗaya wannan ba ya aiki sai an juya shi. A ce malmala kada ta wuce dunƙulen hannun mai ci, miya ta fi tuwo yawa, kuma Allah ya hore mana kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, yakuwa da shuwaka. Sannan a yi bayanin a gaban mai girki. Magidancin da aka yi wa nasiha shi kaɗai a ɗakin likita, abin da aka zuba masa zai ci.

Abin da ya cancanci hani kai tsaye shi ne abin sha mai zaƙi. Kwalbar lemo ta santilita 50 na ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali 10. Lemun malt da ake kai wa mara lafiya dubiya, da zoɓon da aka cika wa sukari, da shayin mai shayi mai madarar gwangwani, duk sahu ɗaya suke. Zuma ma tana ɗaga sukari. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora bai kai ya sauya ɗabi'ar kowa ba. Shuwaka da zogale kuwa a ci su a miya, amma ba sa maye gurbin allura, kuma yaro mai nau'i na ɗaya da aka tsayar wa insulin don a gwada sassaƙe, kwanaki kaɗan gare shi.

Ga mai ƙiba, rage nauyi magani ne na gaske: a gwajin DiRECT na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin rage abinci sun kai shekara sukarinsu daidai ba tare da ƙwaya ba. Amma da yawa daga cikin majinyatanmu na karkara siraran mutane ne. A Afrilun 2025 Hukumar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da nau'i na biyar, mai alaƙa da tamowa tun ƙuruciya. Irin wannan majinyaci abinci mai gina jiki yake bukata, kuma ce masa ya rage ci zalunci ne.

Azumi na bukatar shiri tun kafin wata ya tsaya, haka ma azumin 'yan'uwa Kirista. Jagorar likitoci ta 2021 kan azumin Ramadan ta ce a karya in sukari ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6, kuma huda yatsa ba ya karya azumi. Wannan magana ta fi shiga in ta fito daga bakin liman.

Sababbin magunguna

Ci gaban gaskiya ne. Ƙwayoyi irin su empagliflozin suna fitar da sukari ta fitsari, suna kuma kare zuciya da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2021, ta ƙara da maganin semaglutide da 'yan'uwansa a Satumban 2025 ga wasu rukunin majinyata. Turai ta amince da insulin na sau ɗaya a mako a 2024. Akwai na'urar da ake mannawa a dantse tana auna sukari dare da rana har kwana 14. A 2025 an ba da rahoton gwajin dashen ƙwayoyin halitta inda mutum 10 cikin 12 suka daina allura, sai dai da sharaɗin shan magungunan danne garkuwar jiki. Daga cikin waɗannan duka, wanda nake ganin zai fara amfanar Kwali shi ne empagliflozin da ire-irensa in sun yi araha, domin wankin ƙoda ya fi ƙarfin kusan kowane gida. Amma manomin da ke gumi a rana sai an gargaɗe shi kan shan ruwa da dakatar da ƙwayar ranar amai ko gudawa. Semaglutide kuwa tuni jabunsa ya shiga kasuwannin duniya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a Yunin 2024. Labarin da ya fi kusa da bukatarmu shi ne haɗa insulin a nahiyar nan, ta yarjejeniyar Eli Lilly da EVA Pharma a Masar a 2022, da ta Novo Nordisk da Aspen a Afirka ta Kudu a 2023.

Abin da ke hannunmu

Birnin Tarayya ya riga ya gwada hanyar da ta yi aiki. Daga 2020 Jami'ar Abuja, tare da Jami'ar Northwestern ta Amurka, ta gudanar da shirin maganin hawan jini a ƙananan asibitoci 60 na Birnin, inda ma'aikatan lafiya na al'umma, bisa ƙa'ida mai sauƙi a rubuce, suka yi wa fiye da mutum 20,000 rajista suna ba su magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan ƙa'ida ta ciwon sukari a 2020. Hawan jini da sukari sau da yawa a jikin mutum ɗaya suke, don haka teburin da ake auna wannan shi ya dace a auna wancan, a kuma ce majinyaci ya cire takalmi a duba ƙafarsa, domin gyambon da ke kai ga yanke ƙafa daga ƙaya ko kaushi yake farawa a ƙafar da ta daina ji.

Kuɗin tsinke da metformin da insulin ya kamata ya fito daga Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, da kuma inshorar lafiya ta Birnin Tarayya, a sayi na'ura iri ɗaya ga dukkan mazaɓu 10 don tsinke ya zama ɗaya. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda tana cikin wannan ƙaramar hukuma. Ita da maginan tukwane za su iya auna zafin cikin randunan gida na tsawon shekara guda, a fitar da girma da siffar da ta fi dacewa da kwalbar insulin. A 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka ɗauki alkawarin cewa zuwa 2030 duk mai nau'i na ɗaya zai samu insulin da kayan awo a farashin da zai iya. A Kwali wannan alkawari zai fara ne da rajista a Babban Asibiti mai ɗauke da sunan kowane yaro da ke kan allura, ƙauyensu, ranar da kwalbarsa za ta ƙare, da ma'aikacin da zai bi sawunsa in bai zo karɓa ba.